Dukawa na zaune da tuntu, 'yan matanmu na rataya roba a jaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani yayi da ya shigo mana, wato rataye-ratayen ado da mata ke yi wa jakar hannu. Na san za a sami wanda zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ita kuma wannan ta kawo mana zancen jaka. Ina ba shi haƙuri. Jakunkunan mata nake sayarwa a Birnin Kebbi, da su Allah yake rufa mini asiri, kuma a gidan dukawa aka haife ni. Saboda haka a wurina zancen nan zancen abinci ne, nawa da na mutanen da na tashi a cikinsu.

Wanda bai lura da yayin ba, ya tsaya kusa da Kwalejin Waziri Umaru lokacin da ɗalibai ke tashi, ko ya tambayi maiɗakinsa abin da take gani a gidajen biki. Da wuya ka ga jakar budurwa ba wani abu yana reto a gefenta: 'yar tsana mai gashi, zuciyar roba, jerin duwatsu, ɗan ƙaramin gyale da aka ɗaure a hannun jakar, ko harafin farko na sunanta da ƙarfe mai ruwan zinari. A da, mace in ta shigo shagona, zif take fara ja, ta duba ɗinki, ta leƙa ciki ta ga ko waya da caja da kwalbar turare za su shiga. Yanzu gefe take fara juyawa ta ga ko akwai zoben da za ta maƙala abu. Kafin ma a yi ciniki sai ta ce, "Hajiya, ba ki da abin ratayawa?"

Ni ban ga laifin yayin ba, kuma ba don in hana kowa na ɗauki biro ba. Mace da ado aka san ta. Abin da ke damuna shi ne abin da ake ratayawa, da inda kuɗin yake tafiya.

Masu bin labaran kwalliya sun san daga inda iskar ta kaɗo. Akwai wata mawaƙiya kuma 'yar fim 'yar Ingila da ta yi yawancin rayuwarta a Faransa, Jane Birkin, wadda kamfanin Hermès ya yi jaka ya sa mata sunanta a 1984. Jakar ta zama ɗaya daga cikin mafi tsada a duniya, amma ita mai sunan ba ta lallaɓa tata ba. Tana cusa mata kaya, ta liƙa mata tambarin ƙungiyoyin agajin da take goyon baya, ta rataya mata duwatsu da sauran ƙananan abubuwanta. Bayan mutuwarta a 2023 sai masu kwalliya suka shiga kwaikwayon yadda take yi. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjon jakarta ta asali a birnin Faris, aka saye ta a kan kusan Yuro miliyan 8.6, kuma ɗan abin yankan farcen da ta ɗaure a igiyar jakar yana nan a jiki. Sai kuma 'yar tsanar nan mai dogayen kunnuwa da haƙora tara, Labubu, wadda wani mai zane haifaffen Hong Kong, Kasing Lung, ya ƙirƙiro a 2015. Kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin ya fara sayar da ita a 2019, a cikin kwali rufe, mutum ba ya sanin wace iri ya samu sai ya biya ya buɗe. Da wata mawaƙiya 'yar Tailan mai suna Lisa ta nuna tata a 2024, sai duniya ta ɗauka, har aka sayar da wata babba a wani gwanjo a Beijin a kan sama da Yuwan miliyan ɗaya, kuɗin ƙasar Sin, a watan Yunin 2025. Wadda nake gani a hannun 'yan matanmu galibi jabu ce, irin wadda ake kira Lafufu, 'yan kasuwa na sarowa daga Kano da Legas a cikin manyan ledoji.

To ga abin da ya tsaya mini a rai, Malam Edita. Ita waccan baiwar Allah da ake kwaikwayo, Jane Birkin, kayanta ta rataya. Kowane abu da ke jikin jakarta yana da dalili: wannan tana amfani da shi, wancan yana nuna abin da ta damu da shi. Mu kuwa mun ɗauko yayin mun bar wannan. 'Yan mata goma za su zauna a layi ɗaya wurin walima, duk da 'yar tsana iri ɗaya da ta fito daga masana'anta ɗaya, ba wadda za ta iya ce maka ga dalilin da ya sa ta zaɓi tata.

Alhali mu tun kaka da kakanni ba mu san jaka tsirara ba. Gafakar malam da tuntunta take, zabirar wanzami da adonta, kuben takobi da wuƙa haka, balle kayan doki ranar hawan sallah. Buzayen da ke gangarowa daga Nijar ta Kamba, dubi jakarsu, gezar wani lokaci ta fi jakar tsawo. Kakata ta wajen uba, Inna muke ce mata, Allah ya jiƙanta, tana da wani alabe na jar fata wanda tsufa da man hannu suka mayar da shi kusan baƙi. A igiyarsa akwai ɗan tandun kwalli da bai fi babban yatsa ba, da makullin akwatinta, da matsefata ta cire ƙaya, da tuntu guda mai wuyan rawaya wanda kakanmu ya yi mata suna amare. In yaro ya taka ƙaya a tsakar gida, ba ta tashi neman komai, alaben take jawowa. In za ta gidan suna, nan take kwance tandun ta ranbaɗa kwalli. Ado ne, kayan aiki ne, kuma ko a cikin alabe ɗari aka jefa shi kowa a unguwa ya san na Inna ne.

Na ga yadda mahaifina yake yin tuntu tun ban kai in riƙe basilla ba. Ba ya yanka sabuwar fata dominsa, ragowar da ta faɗo daga takalmi ko matashi yake tsincewa. Zai shimfiɗa ta a kan katako, ya fere bayanta da wuƙa har ta yi laushi, sannan ya shiga tsaga ta siri-siri, yana barin kamar faɗin yatsa a sama bai yanke ba. Hannunsa ba ya rawa, kuma ba ya awo, amma in ka jera silin za ka ga duk kaurinsu ɗaya. Daga nan ya naɗe ta a kan 'yar igiyar da za ta zama marataya, ya ɗinke, ya ɗauko siraran fata rawaya da koriya ya saƙa wa wuyan, ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, har zane ya fito. In ya gama sai ya riƙe shi ta maratayar ya karkaɗa sau biyu, ya duba ko akwai silin da ya fi 'yan uwansa tsawo, ya datse. Jan daga karan dafi yake, rawayar daga gangamau, baƙin kuwa da kashin maƙera ake haɗa shi. Fatar ma majema da bagaruwa suka jeme ta. Tun daga akuyar har rinin, babu abin da aka tsallaka ruwa aka kawo.

Fatar nan kuma ba ta wasa ba ce. Jar akuyar ƙasar Sakkwato, wadda Kebbi da Zamfara ke cikinta kafin a raba jihohi a 1991 da 1996, fatarta tana cikin waɗanda duniya ta fi yabawa. Fatake sun daɗe suna ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Har gobe masana'antun jima na Kano suna fitar da fatunmu zuwa Italiya da Sifaniya, a yi jaka da takalmi da su. Ke nan mu muke da fatar, mu muke da hannun, amma 'yarmu za ta cire kuɗin da ta tara ta sayi robar da ba za ta ga sallah biyu ba.

Tunda dai za a yi adon, bari in faɗa wa 'yan uwana mata abin da zaman shago ya koya mini game da yadda ake yinsa ya yi kyau.

Jakar za a fara kallo kafin abin ratayawa. Jakar da ta riga ta sha duwatsu, ko mai babban tambari a gaba, ko mai zane-zane, ta ƙoshi, a ƙyale ta. Wadda ke karɓar ado ita ce mai launi ɗaya, baƙa ko ruwan ƙasa ko ruwan toka. Kuma kada abin da aka rataya ya wuce gindin jakar. In ya wuce, duk inda kika ajiye ta a ƙasa zai kwanta, ya kwashi datti, kuma idon mai kallo zai bar jakar ya koma kansa. Ƙaramar jakar biki abu guda ya ishe ta. Babbar jakar makaranta ko ta ofis za ta ɗauki babba guda da ƙanana biyu, a haɗa su a zobe ɗaya, tsawonsu ya bambanta don kada su dunƙule. Fiye da haka sai jaka ta koma teburin ɗan koli. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Wajen launi ne na fi ganin ana kuskure. Mace za ta sa atamfa shuɗiya, gyale shuɗi, takalmi shuɗi, sannan ta nemi abin ratayawa shuɗi. Sai ya ɓace, kamar ba ta sa komai ba. Abin da nake ce wa masu saye shi ne su dubi atamfar da kyau su nemo launin da ya fi ƙaranci a cikinta, ɗan ɗigon ja ko ruwan lemo da ke cikin furen, shi za a ɗauko a kai jikin jaka. Nan take za ki ga kayan sun haɗu. Mu nan kuma da yawancinmu dogon hijabi muke sawa in za mu fita, jaka da takalmi kaɗai ake gani. Hijabi baƙi ko ruwan toka, baƙar jaka, jan tuntu guda mai wuyan rawaya: na rantse babu 'yar tsanar da za ta yi wannan kyan, kuma da kamala. Sai ƙarfe. In zif da zoben jakar masu ruwan zinari ne, ƙugiyar ma ta zama haka, in farare ne a nemi fara. Abu ne ƙarami, amma shi ke sa a ɗauka tare aka sayo su.

Kada a maƙala komai a harshen zif. Kullum sai an kawo mini jaka zif ya mutu, in na duba sai in ga nauyin da aka rataya masa ne ya buɗe bakinsa. Zoben da ke haɗa hannu da jikin jaka shi aka yi don ɗaukar nauyi. Ko shi ma, in jakar ta roba ce mai kama da fata, a tausaya mata. Zafin Birnin Kebbi a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, robar tana yin laushi, ƙarfe mai nauyi yana gogar wuri guda har ta fara ɓarewa. In hunturu ya zo kuma, farar 'yar tsana mai gashi sati kaɗan take yi ta koma jar ƙasa, in an wanke ta gashin ya cukurkuɗe. Tuntun fata kuwa tsumma za ki sa ki goge, ki ɗan shafa masa mai, ya ƙara kyau a kan na da.

A kuma san wurin zuwa. Abu mai ƙara, mai 'yan ƙararrawa ko sarƙoƙi masu karo da juna, ba na gidan ta'aziyya ba ne, ba na masallaci ko wurin tafsiri ba, ba na dubiya a asibiti ba. Shi ya sa nake son mai ƙugiya, a cire a jefa cikin jaka, in an fito a mayar.

Akwai kuma hatsari, wannan da idona na gani. Wata yarinya ta sauko daga Keke Napep a gaban shagona, jakarta da doguwar sarƙa mai duwatsu da ta kai mata gwiwa. Ta miƙa kuɗi ta juya, ashe sarƙar ta shige tsakanin ƙarfen kujera. Mai keken bai sani ba ya ja. Jakar ta fizge ta, ta yi taga-taga, Allah ya sa hannun jakar ne ya tsinke. Wayarta ta faɗo fuskar ta tsage, duwatsu suka watse a kan titi, ta durƙusa tana tsinta tana kuka. Da a kan kabu-kabu ne sarƙar ta shiga taya, da labarin ya wuce na waya. Duk mai hawa babur ta ɗora jakarta a cinya, abin adon yana ciki ko yana sama. Makullin gida ma kada a mayar da shi abin ado a waje, balle a haɗa shi da cikakken suna. Masu goyo kuma su kula sosai. Jabun 'yan tsanan nan idonsu da ƙafarsu suna ciruwa da ɗan ja kaɗan, kuma yaro duk abin da ya kama baki yake kaiwa. A 2025 hukumomin kare masu saye a Amurka da Birtaniya sun yi gargaɗi cewa jabun na iya shaƙe ƙananan yara.

Wata tsohuwa ta taɓa rako jikarta shagona, ta ƙura wa abin da ke jakar yarinyar ido ta ce, "Ɗiyata, wanga abu mai haƙora, mi shika yi ga jikkakki?" Yarinyar ta rasa amsa. Ana yaɗa maganganu a WhatsApp cewa 'yan tsanan aljanu ne ko kayan tsafi. Ni dai abin da na riƙa a hannu roba ce da tsumma, masana'anta ta yi, ba na son a tsorata yara da abin da ba haka ba. Duk da haka ba na ajiye masu fuska a shagona. Gidaje da yawa a nan iyaye da mazaje ba sa son mutum-mutumi, kuma ba zan so kayana su zama sanadin faɗa a gidan kowa ba. Sayen abu a rufe da fatan a dace da wanda ba kowa ke samu ba, shi ma bai kwanta mini ba, ya yi kusa da caca. Tuntu da tandu da 'yar ƙwarya babu mai tambayarki a kansu. Abu ɗaya zan roƙi masu yi: kada a ɗinka su da siffar laya, don kada a jawo wa mai ɗauka zargi, kuma kada a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a abin da za a ajiye a ƙasa, a shiga ko'ina da shi.

Su ma dukawa sai sun gyara, kuma ina faɗar haka ne a matsayin 'yarsu. Budurwar yau ba za ta rataya abin da ke warin jima ba. Ba za ta yafe wa tuntun da ya zubar da ja a kan farin hijabinta ranar da ruwa ya taɓa shi ba. Ba ta da lokacin ƙulla igiya da kwancewa, ƙugiya take so irin ta makulli, wadda ake sarowa dozin-dozin a Kano da araha. Kuma in an ce ranar Laraba, ya zama Laraba. Duk waɗannan masu gyaruwa ne. A zaɓi fatar da ta jemu sosai ta sha iska, a gwada rinin da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin a yanka, a rage girma. Akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken fata da koyar da aikinta a Samarun Zariya. Da jihohinmu za su riƙa tura 'ya'yan dukawa can su koyo yadda ake kama rini da gyara ƙarshen aiki, da an ga bambanci.

Na gwada abin da nake faɗa. Na je wurin ƙanen mahaifina, wanda yanzu gyaran takalmi da ɗinkin kube kaɗai suka rage masa, na ce, "Baffa, tuntu nake so ka yi mini, ƙanana, kamar tsawon yatsa." Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyata, wa ka sayen tuntu yanzu? Doki nawa suka rage garin ga?" Na ce ya dai yi, na ajiye masa ƙugiyoyi. Da ya kawo, na maƙala su a baƙaƙen jakunkunan da suka daɗe a rataye ba mai tayawa. Ɗalibai suka fara tambaya daga wace ƙasa aka kawo su. In na ce nan cikin gari aka yi, wasu ba sa yarda sai na nuna musu ɗinkin. Suka saya, suka dawo da ƙawayensu, wannan tana son kore, waccan tana son a saƙa mata ja da baƙi. Wata uwar ango ta sa aka yi wa kowace jaka da ke cikin lefe nata. Yanzu matan gidan Baffa su ke saƙa wuyan suna jera duwatsu daga cikin ɗaki, yana biyan su, shi kuma yana yanka yana ɗinki. Ba arziki aka yi ba, amma cefane yana fita daga ragowar fatar da a da ake sharewa.

Kuma ba tuntu kaɗai ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016, yana tara baƙi daga ko'ina. Me baƙuwa take komawa da shi gida a jakarta? Ga 'yar gora irin ta masunta da za a iya yi da ƙaramin duma, ga giwan ruwa na fata, ga 'yar homa da za a saƙa da zare. Mutanen Yawuri masu bikin Rigata su sassaƙa ɗan kwalekwale. A yi ɗan kalangu, a yi ɗan faifai, a yi tandun kwalli na gaske wanda za a buɗe a yi amfani da shi kamar na Inna. Maƙera da masu sassaƙa da masu saƙa duk suna da rabo. Ina kira ga masu shirya waɗannan bukukuwa da su ware wa masu irin wannan aiki rumfa a inda baƙi ke wucewa, kada a tura su can bayan fili.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka turo wakilinka da kyamara kafin sallah, lokacin da ake ɗinki da haɗa lefe. Ya zaga wurin dukawan Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu da Jega, ya ƙarasa Gusau da Talatar Mafara, ya ɗauki aikinsu a maƙale a jikin jakar zamani, ku buga a shafin mata da launi, ku sa a shafukanku na Facebook da Instagram. 'Yan matanmu abin da suka gani a hoto suke nema. In ya iso Birnin Kebbi, ni da kaina zan raka shi wurin Baffa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Daga wata 'yar dukawa mai sayar da jakunkuna,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.